Darasi na 9: Kanta Mai Shamaki a Mashigar Gida

Manufar darasi

Idan aka kammala wannan darasi, ana so ɗalibi ya iya:

1. auna mashigar gidansa da tef, ya rubuta awon a takarda;
2. lissafa yawan shamakin da kanta ke bukata da faɗin kowane gurbi;
3. yi wa kafinta bayanin aikin da yake so ba tare da an samu saɓani ba;
4. kare kanta daga gara da danshi da kifewa.

Karatu: Safiyar Litinin

Ƙarfe bakwai da kwata na safe, a wani gidan haya mai ɗaki biyu da falo a unguwar Hotoro ta Kano, an rasa mai sauraron wani. Autan gidan yana tsaye da takalmin makaranta ƙafa ɗaya, ɗayar ta yi ɓatan dabo. Yayarsa na tona tarin silifas tana neman safarta. Maigida kuwa ya shafa aljihu sau uku, makullin babur bai fito ba.

"Uwargida, ko kin ga makullina?"

"Malam, ai inda ka jefa shi jiya da dare, yana nan. Duba kan kanta."

Lalle akwai kanta a bakin ƙofar, dogon falanki ne mai hawa biyu. Amma a kansa akwai jakar makaranta, da laima, da tocila, da hula biyu, da cajar waya, da ledar cefanen jiya, kowanne ya danne ɗan'uwansa. Sai da aka sauke rabin kayan ƙasa kafin makullin ya faɗo daga cikin hula. Takalmin auta kuwa a bayan ƙofa aka same shi, bayan an riga an makara.

Lura da kyau: gidan nan bai rasa wurin ajiya ba. Abin da ya rasa shi ne iyaka. Kanta marar shamaki kamar gona ce marar kan iyaka, kowa ya zo sai ya shuka inda ya ga dama.

Daga zaure zuwa bakin ƙofar falo

A ginin Hausa na gargajiya, ba a faɗawa cikin gida kai tsaye. Sai an bi ta zaure, a wasu gidajen a wuce shigifa, sannan a isa tsakar gida. Magina kan kauce da ƙofofin, ba sa jera su saiti ɗaya, domin kada wanda ke waje ya hango matan gida. A zaure ake sallama da baƙo, a nan ake cire takalmi, a nan maigida ke jingine keke ko sanda. A jikin bango kuma akan fafe alkuki, ɗan gurbin da ake ajiye fitila. Wanda ya zaga tsofaffin unguwannin Kano ko Zariya ko Katsina ko Damagaram zai ga irin wannan tsari har yau.

Gidajen haya na birni ba su da wannan yalwa. Da an tura ƙofa sai falo. Duk aikin da zaure ke yi a dā, yanzu ya koma kan wani ɗan fili da bai wuce taku biyu ko uku ba. Shi ya sa wurin ke saurin cushewa. Maganin ba rushe bango ba ne. Maganin shi ne a ɗauki hikimar alkuki, wato gurbi ɗaya don abu ɗaya, a ninka ta sau goma ko fiye a jikin kanta guda.

Mene ne shamaki?

Kanta tana da hawa-hawa, wato allunan da ke kwance. Shamaki shi ne allon da ke tsaye a tsakanin hawa da hawa, yana raba dogon fili zuwa ƙananan gurabe. Yana yin aiki uku. Na farko, yana hana kayan wani shiga na wani. Na biyu, yana tallafe abin da ba ya iya tsayuwa da kansa, kamar jaka da littafi da allo. Na uku, yana tokare hawan da ke samansa, don kada ya lanƙwashe a tsakiya saboda nauyi. Wannan na ukun mutane da yawa ba su san shi ba. Falankin da ya kai mita ɗaya ba tare da tokari ba, in aka daɗe ana jibga masa kaya, sai ya yi ciki kamar kwale-kwale.

Shamaki iri huɗu ne aka fi samu:

Kafaffe. Kafinta ya buga shi da ƙusa da gam. Shi ya fi ƙarfi, amma ba ya gusawa.

Mai zamewa. Kafinta ya yanka tsagi a sama da ƙasa, sai a zura allon a ciki. In yaro ya girma takalminsa ya ƙara faɗi, sai a zare a mayar tsagi na gaba.

Na kasuwa. Na ƙarfe ko na roba, mai baki da ke cafke gefen falanki. Ba ya bukatar ƙusa, amma ba ya ɗaukar nauyin hawan sama, kuma sai bakinsa ya dace da kaurin falankin.

Na dabara. Kwali mai kauri, ko kwando, ko ƙaramin akwatin katako da aka jera gefe da gefe. Wanda aljihunsa bai kai ga kafinta ba, da wannan zai fara.

Akwai kuma wata dabara. Doguwar kanta ita kanta tana iya zama shamaki. Idan ƙofar gidanka tana buɗewa tsakiyar falo, a kafa kantar a gefen ƙofa ta miƙe zuwa cikin ɗaki, fuskarta na kallon mai shigowa, bayanta na kallon kujeru. Nan take an sami ɗan ƙaramin zaure a cikin falo. Mai sallama ba ya ganin waɗanda ke zaune, ga kuma wurin ajiye takalmi. Sai dai a bar saman kantar a buɗe, kada ta kai rufi, don iska da haske su wuce.

Mataki na ɗaya: tankaɗe da rairaya

Kafin a kira kafinta, a kwashe duk abin da ke mashigar a zube shi a tabarma. A kasa shi kashi uku: abin da ake fita da shi kullum, abin da ake nema lokaci-lokaci, da abin da ba shi da dalilin zama a nan. Kashi na farko ne kawai ke da hakkin zama a gurabe na kusa da hannu. Na biyu, kamar laima da takalmin ruwa, ya hau sama ko ya jira damina. Na uku ya koma ɗaki, ko a bayar, ko a zubar. Takalmin da ya shekara ba a sa shi ba, baƙo ne da ya wuce kwanakinsa.

A sa doka: kowane mutum takalmi iri biyu kawai a bakin ƙofa, na fita da silifas. Takalman salla da na biki su zauna a ɗaki.

Mataki na biyu: awo

Hausawa na cewa tun ran gini ran zane. Awo huɗu ake bukata, kuma kowanne a yi shi sau biyu.

1. Faɗin bangon da kanta za ta jingina.
2. Inda ganyen ƙofa ke kaiwa in an buɗe shi gaba ɗaya. A buɗe ƙofar, a zana layi da alli a ƙasa. Kanta ba za ta ƙetare layin nan ba.
3. Hanyar wucewa. A bar aƙalla santimita 90, wato kusan ƙafa uku, yadda mai ɗauke da bokitin ruwa ko goyo zai wuce ba tare da ya karkace ba.
4. Tsawon takalmi mafi girma a gidan. Shi zai nuna zurfin kanta. Santimita 30 kan ishi yawancin takalman manya, amma a auna, kada a yi kirdado.

Kafintoci da yawa da inci da ƙafa suke aiki. Inci ɗaya santimita 2.54 ne. Inci 12 ne ƙafa ɗaya, wato santimita 30 da ɗoriya kaɗan. Tef ɗin awo yakan zo da duka biyun, inci a gefe ɗaya, santimita a ɗaya gefen. Abin kiyayewa shi ne kai da kafinta ku tsaya kan gefe ɗaya. Wanda ya ce "talatin" yana nufin santimita, kafinta ya ji inci, za a kawo masa kantar da ta fi abin da ya nema zurfi sau biyu da rabi.

Mataki na uku: lissafin gurabe

Mai sayar da rake in yana son gunduwa huɗu, sara uku yake yi. Haka shamaki yake: kullum yana gaza yawan gurabe da ɗaya. Gurbi huɗu, shamaki uku. Gurbi biyu, shamaki ɗaya.

Kuskuren da aka fi yi shi ne mantawa da kaurin katako. Bari mu ɗauki kanta mai faɗin santimita 100, da katako mai kaurin kusan santimita 2.

Faɗin waje: 100
A cire allunan gefe biyu: 2 + 2 = 4, saura 96
A cire shamaki uku: 3 × 2 = 6, saura 90
A raba gida huɗu: 90 ÷ 4 = 22.5

Ke nan kowane gurbi zai sami santimita 22 da rabi, ba 25 ba kamar yadda mai gaggawa zai zata. Wannan faɗin kan ɗauki takalmin babba ƙafa biyu a jere. In takalmin ya fi haka faɗi, a juya ɗaya ya kalli ciki, ɗaya ya kalli waje, sai su shige.

Tsayi ma haka ake yi masa. A ce jikin kantar santimita 110 ne, da alluna biyar a kwance. Sun cinye 10, saura 100. Ana iya raba su haka, daga ƙasa zuwa sama: 20, 20, 25, 35. A ƙara ƙafafu na santimita 10, tsayin duka ya zama 120.

Mataki na huɗu: wa zai zauna a ina?

Ƙa'idar mai sauƙi ce: mai datti da mai nauyi a ƙasa, mai tsarki da mai daraja a sama.

Hawa biyu na ƙasa na takalma ne, gurbi takwas. Yara su sami na can ƙasa, inda hannunsu ke kaiwa ba sai sun kira kowa ba. A bar gurbi ɗaya ko biyu fanko saboda baƙi. Baƙon da ya ga wurin ajiye takalminsa ya san an yi maraba da shi tun kafin a kawo ruwa.

Hawa na uku na ƙananan kaya ne: hula, safa, burushi da man takalmi, tocila. Ƙaramin abu a buɗaɗɗen gurbi yakan gangara baya ya ɓace, don haka a sa masa kwano ko ɗan kwando.

Hawa na huɗu, mai tsayin 35, shamaki ɗaya ya ishe shi. Gefe ɗaya jakunkunan makaranta a tsaye, ɗaya gefen darduma a naɗe.

Alƙur'ani da allon karatu da littattafan addini ba sa zama kusa da takalmi, ballantana a ƙarƙashinsa. In dole ne su kasance a mashiga saboda yara masu zuwa Islamiyya, a yi musu wuri dabam a can sama, a cikin jaka.

Makulli yana bukatar tunani. A buga masa ƙugiya a cikin gurbi, a gefen da mai tsayuwa a ƙofa ba ya gani, kuma hannun da aka zuro ta taga ba ya kaiwa. Magani da ashana da reza da man fetur ba kayan mashiga ba ne ko kaɗan, domin nan ne wurin da yara suka fi kai-komo.

A rubuta sunan kowa a gurbinsa. Wanda bai fara karatu ba, a shafa masa launi ko a zana masa alama. Ɗalibin wannan aji ya yi rubutun da hannunsa. Yaro da ke ganin sunansa safe da yamma, ba da jimawa ba zai gane haruffansa.

Zaɓen katako

A kasuwar 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano, da irinta a sauran garuruwa, za ka tarar da falanki da filawud da wanda ake kira MDF. Filawud siraran katako ne da aka manne su ɗaya bisa ɗaya. MDF kuwa garin katako ne da aka matse da gam. Yana da santsi da kyan gani, amma in ya sha ruwa sai ya kumbura, kuma ba ya komawa. Tunda bakin ƙofa wuri ne na jiƙaƙƙen takalmi da ruwan mopa, filawud ko busasshen falanki ya fi dacewa. Ɗanyen katako yana karkacewa in hunturu ya busar da shi. Araha ba ta ado.

Fallen filawud ɗaya ƙafa huɗu ne da ƙafa takwas, wato santimita 122 da 244. In aka tsaga shi a tsawonsa, zai ba da dogayen alluna huɗu masu faɗin santimita 30. Kantar da muka lissafa tana bukatar allunan gefe biyu masu tsawon 110, da na kwance biyar masu tsawon 96, da shamaki goma: shida masu tsayin 20, uku masu 25, ɗaya mai 35. In kafinta ya tsara yankan da kyau, duka za su fita daga falle ɗaya. Ƙafafu da marufin baya ne kawai za a nemo dabam. Sanin wannan yana kare ka daga sayen abin da ya wuce bukata.

A wurin kafinta

Maigidan da muka fara da labarinsa ya je wurin kafinta da takarda a hannu.

"Sannu da aiki, Malam. Kanta nake so ta takalma."

"Sannu kadai, Alhaji. Babba ko ƙarama?"

"Ga zanen. Faɗi ɗari, zurfi talatin, tsayi ɗari da ashirin har da ƙafa. Santimita fa, ba inci ba."

Kafinta ya karɓi takardar, ya zaro fensir daga bayan kunne, ya bi lambobin ɗaya bayan ɗaya. "To, ai ka gama rabin aikin. Shamakin na kafe su?"

"Na tsakiya ka kafe a kowane hawa, saboda nauyi. Sauran ka yi musu tsagi. Yara girma suke yi."

Dubi abin da ya yi. Ya faɗi awo da ma'auninsa, ya kawo zane, ya san dalilin kowane zaɓi. A nan ne kuma ake yin ciniki, a rubuta kuɗin katako dabam, kuɗin aiki dabam, da ranar karɓa.

Abokan gaba huɗu

Gara. Ta ƙasa da bango take zuwa. A shafa wa katako maganin gara kafin fenti, a kuma duba bayan kanta lokaci-lokaci. Da ka ga siririn layin ƙasa yana hawa bango, ita ce.

Danshi. Ƙafafun nan na santimita 10 ba ado ba ne. Suna raba katako da ruwa, suna ba tsintsiya hanya. A watan Agusta, lokacin da ruwa ya fi yawa, kada a cusa jiƙaƙƙen takalmi a gurbi. Ya sha iska tukuna, in ba haka ba zai yi fumfuna da wari. Buta kuma a ɗora ta a kan faranti, a gefe.

Ƙwari. Kunama da kyankyaso suna son duhu da sanyin cikin takalmi. Ɗaga takalmi daga ƙasa yana ragewa, amma a koya wa yara su kife takalmi su kakkaɓe kafin su zura ƙafa.

Kifewa. A idon ƙaramin yaro, kanta tsani ce. Siririyar kanta mai tsayi tana iya faɗo masa in ya hau. A ɗaure samanta da bango da ƙarfen kusurwa. Mai haya ya nemi izinin mai gida kafin ya huda bango. In ba a yarda ba, a yi kantar gajera, a sa kaya masu nauyi a ƙasa. Kantar da aka kafa a matsayin shamakin falo ta fi kowace bukatar ɗauri, tunda bayanta ba ya jingine da komai.

Katako ba ya gyara hali

Makon farko da aka kafa kantar a gidan Hotoro, auta ya ci gaba da watsar da takalminsa a bakin ƙofa kamar yadda ya saba. Uwargida ba ta ɗauke masa ba. Sai ta kira shi, ta nuna masa gurbin da ke ɗauke da sunansa, ta tsaya har ya sa da kansa. Maigida ma sau biyu ana tuna masa ƙugiyar makulli. Yara abin da suka gani suke yi, don haka gyaran daga manya yake farawa.

Bayan sallar isha'i, a ɗauki minti biyu a mayar da komai gurbinsa. Ranar Juma'a ko Asabar a goge ƙura, musamman a hunturu. In gurbi ya cika, kada a ce kanta ta yi kaɗan. Alama ce cewa wani abu ya kamata ya fita. Wannan shi ne babban amfanin shamaki: yana faɗa maka gaskiya da wuri, tun tarin bai zama tsibi ba.

Kalmomin darasi

Mashiga: wurin da ake fara takawa in an shigo gida.
Hawa: allon kanta da ke kwance.
Shamaki: allon da ke tsaye yana raba hawa.
Gurbi: filin da ke tsakanin shamaki biyu, ko tsakanin shamaki da allon gefe.
Tsagi: siririn rami a jikin katako da ake zura allo.
Alkuki: gurbin fitila a jikin bangon ƙasa.

Tambayoyi

1. Gidan da ke cikin labarin yana da kanta tun farko. Me ya sa duk da haka kaya ke ɓacewa?
2. Kawo ayyuka uku da shamaki ke yi.
3. Me ya sa ake zana layi da alli a inda ganyen ƙofa ke kaiwa?
4. Wane katako ne bai dace da wuri mai danshi ba, kuma don me?
5. Ambaci abubuwa uku da bai kamata a ajiye a mashiga ba.

Lissafi

1. Kana son gurbi biyar a hawa ɗaya. Shamaki nawa za ka sa?
2. Faɗin kanta santimita 80 ne, kaurin katako 2, ana son gurbi uku. Nawa ne faɗin kowane gurbi?
3. Kafinta ya ce zurfin kanta inci 12 ne. Santimita nawa ke nan, a ƙiyasce?

Aikin gida

Auna mashigar gidanka, ka rubuta awo huɗun da aka koya. Ƙirga mutanen gidan da takalman da ke bakin ƙofa yau. Zana kantar da za ta dace da wurin, ka rubuta sunan mai kowane gurbi. Sannan ka tambayo farashin fallen filawud ɗaya a kasuwar garinku. A darasi na gaba kowa zai zo da zanensa, mu lissafa kuɗin aikin tare.